Ranar Jirgi a Tashar Nguru

A Nguru dogo ya ƙare. Tun 1930 da aka jawo layi daga Kano, ya ratso ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, jirgin ƙasa ya shiga cikin al'adar garin, har mutane kan ɗaura alkawari da zuwansa.

A wancan zamani, tun bai iso ba tasha ta cika maƙil. Ga buhunan gyaɗa da ƙaro da fatu a jibge, ga kwandunan bandar kifi na fadamun Haɗeja da Nguru, wanda ƙamshinsa kan kama tufa har Kano. 'Yan dako sun naɗa gammo suna jira, 'yan talla na kai da kawo da ƙosai da dafaffen ƙwai, matan Fulani sun jera ƙoren fura da nono a inuwa. Yara kuwa sai su kara kunne a ƙarfen dogo, kowa na son ya riga cewa ga shi nan.

Amma rakiya ita ce ran tashar. Ba a barin mutum ya tafi shi kaɗai, abin kunya ne ga gidansu. A ƙulle masa guzurin kilishi da dakuwa a ƙyalle, maƙwabta su danƙa masa wasiƙu da saƙon baki, ya zama ɗan aiken unguwa ko bai shirya ba. Sai ka ga tsohuwa ta miƙa hannu ta tagar tarago ta riƙe jikanta gam, tana cewa, "Allah ya kiyaye hanya, ban da faɗa, ka riƙe salla." Ba ta saki sai jirgi ya yi kuka na ƙarshe. Dattawa sun sha bamban a nan: wasu na ganin ɗan rakiya ya juya da zarar matafiyi ya zauna, don tsayuwa na karya masa zuciya, wasu kuwa sun ce ba a ba jirgi baya sai ya ɓace. Ni ina tare da na biyun.

In an dawo, tsarabar goron Kurmi sai ta zaga gida-gida.

Da motoci suka karɓe hanya, dogo ya ja baya, rakiyar ma ta bi shi. Yau mutum kan tafi Legas ko maƙwabcinsa bai ji labari ba, wannan rashin kuwa ya fi na jirgin ciwo.