"Wannan ba metal ba ne": gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masoya kiɗan hayaniya

Daren farko da na kwana a ɗakin ɗalibai na jami'a, na yi tsammanin janaretan wani ne ya lalace a bayan taga. Ashe abokin ɗakina ne ya kunna waƙa. Na ce, "Malam, wannan kuma wace irin masifa ce?" Ya yi dariya ya ce, "Metal ke nan. Saurari mai ganga, da ƙafa biyu yake dukanta." Ni dai ban ji komai ba sai ihu.

Ya ɗauke ni wata uku kafin na gane cewa masoya wannan kiɗa ba mu da ba ma ji suka fi faɗa da su ba. Junansu suke yi wa gardama.

Da farko dai, sunayen biyu ba ɗaya ba ne. Rock shi ne uba, kiɗan gita mai lantarki da ganguna. Heavy metal ɗansa ne da ya fi shi nauyi da ƙara. Akasari ana danganta haihuwarsa da birnin Birmingham na Ingila, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai gitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu. Ya ƙera wa yatsun 'yar hula ta roba, daga baya kuma ya sassauta tsirkiyar gitar don rage zafin dannawa. Sassaucin nan ya ƙara wa sautin kauri da duhu, abin da masoya suke yi wa kirari har gobe.

To, a nan rigimar take. Tsofaffin masoyan Metallica ta Amurka sun fi ƙaunar faifan Master of Puppets na 1986, mai gudu kamar ana kora. Da ƙungiyar ta rage gudu a faifanta na 1991, sai suka ce ta sayar da kanta don kuɗi. Faifan ya sayu fiye da kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai, amma abokina har yau idan an ambace shi sai ya taɓe baki, alhali ko haifarsa ba a yi ba lokacin. A 2022 kuma, shirin Stranger Things ya sa waƙar Master of Puppets, yara suka yi ca a kanta, wasu tsofaffin masoya suka hau mita wai 'yan bana-bakwai sun shigo musu gida. Metallica da kanta ta fito ta ce kowa nata ne.

Haka Linkin Park, waɗanda suka cuɗa gita da rap a faifan Hybrid Theory na 2000. Miliyoyin matasa ta ƙofarsu suka shiga, amma 'yan gani-kashe-ni cewa suke yi wannan ba metal ba ne. A ganina wannan ɗabi'a ba ta da bambanci da ta mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallo da ke raina duk wanda ya fara goyon baya bayan an ci kofi.

Kada ku ɗauka abin na Turawa ne kawai. A Botswana akwai masoya da ke sa baƙar rigar fata da hular kaboyi cikin zafin hamadar Kalahari, kuma ƙungiyar Overthrust na shirya biki a garin Ghanzi, ana tara tallafi don yara marasa galihu. Kusa da mu ma, ga Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Nijar, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke. Waƙoƙinsa ta memori suka fara yawo daga waya zuwa waya, yau ga shi masoya rock a Turai da Amurka na cika fili don kallonsa.

Iyaye fa? Ba yau suka fara ɗar-ɗar ba. A 1985 majalisar dattawan Amurka ta yi zama kan kalaman waƙoƙi, abin da ya kai ga tambarin gargaɗin iyaye da ake liƙa wa faifai. Kuma suna da hujja. Akwai ƙungiyoyin da ke wasa da hotunan Shaiɗan, wasu na zagin addini ƙarara, ni kam ba na kusantar su. Akwai kuma irin War Pigs ta Black Sabbath, wadda take la'antar shugabannin da ke tura talakawa yaƙi, da One ta Metallica, labarin sojan da yaƙi ya nakasa. Ihun duk iri ɗaya ne a kunnen baƙo, sai ka nemo kalmomin ka karanta sannan ka san me kake zuba wa kanka.

Har yanzu ban iya jure masu kururuwa kamar ana yanka su ba, kuma na sha gaya wa abokina ya rage ƙara, tunda shi da kansa yana kukan kunnensa na ƙugi da daddare. Amma faifan Afrique Victime na Mdou Moctar yana wayata. Ranar da na kunna masa, ya saurara har ƙarshe yana kaɗa kai, sannan ya ce, "Ya iya gita, amma wannan ba metal ba ne."