Shagalar Wayar Hannu da Natsuwar Mai Gina Kasuwanci

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba yadda wayar hannu da kafofin intanet ke wawure hankalin mutumin da ke fafutukar kafa sana'a ko kasuwanci, sa'annan mu auna dabarun da ake bayarwa na magance abin, mu ga wadda ke da tushe da wadda ta tsaya a fatar baki. Da kalmar shagala muna nufin duk abin da ke janye mutum daga aikin da ya ƙudurta zuwa wanda bai yi niyya ba. Ba amfani da waya ɗungurum muke suka ba, domin tun da aka buɗe layukan GSM a Nijeriya a 2001 waya ta zama rumfar ɗan kasuwa ta biyu, a wajen wasu ma ita ce ta farko.

2.0 Asalin Matsalar

Tun a 1971 Herbert Simon, Ba'amurken da ya ci lambar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya yi nuni da cewa labarai ba a banza suke zuwa wa mutum ba, abin da suke ci shi ne natsuwarsa, saboda haka yawaitarsu kan jawo ƙarancinta. A lokacin babu wayar hannu, amma maganarsa ta fi dacewa da yau. Kamfanoni irin su Facebook da TikTok da YouTube galibin kuɗin shigarsu daga talla ne, tallar kuwa gwargwadon daɗewar idon mutum a kan allo take biya. Ke nan daɗewar nan ita ce hajarsu, kuma da gangan aka gina manhajojin don su tsawaita ta.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. A shekarun 1950 B. F. Skinner ya gwada tattabaru ya ga cewa wadda ba ta san a karo na nawa tsaba za ta faɗo ba ta fi nacewa da saran maɓalli a kan wadda ta san ƙa'idar faɗowarta. Haka mai duba waya yake: sau tara ya tarar da banza, na goma ya tarar da ciniki, sai hannu ya saba da komawa. Shafin nan da ake ta ja ba ya ƙarewa, wanda ake danganta ƙirƙirarsa da Aza Raskin a 2006, ya kawar da ɗan tsaikon da a da kan sa mai karatu ya farga.

Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta yi shekaru tana auna wannan a kan ma'aikatan ofis. A 2004 ta sami mutum kan yi kimanin minti 2 da rabi a kan allo guda kafin ya sauya. A 2012 abin ya dawo daƙiƙa 75, daga baya kuma ya sauko kusan daƙiƙa 47. Sophie Leroy kuwa, a 2009, ta nuna cewa in mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani sashe na tunaninsa kan maƙale a na farkon, sai na biyun ya raunana. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Jihar Fulorida a 2015 ya ƙara da cewa ƙarar shigowar saƙo kaɗai, ko da ba a ɗaga wayar ba, takan sa kurakurai su ƙaru. Ya kamata dai mu lura cewa a kan ɗalibai da ma'aikatan ofis na Amurka aka yi yawancin waɗannan gwaje-gwaje, don haka hanyar da ɓarnar ke bi muke ɗauka daga gare su, ba alƙaluman kansu ba.

3.0 Inda Abin Ya Fi Shafar Mai Gina Kasuwanci

Ma'aikacin albashi yana da shugaba da ke tsaye a kansa, kuma ko ya shagala wata zai ƙare a biya shi. Mai kafa nasa ba shi da wannan kariya. Shi ne mai gida, shi ne yaron shago, shi ne akawu, kuma duk sa'ar da ta salwanta daga jarinsa ta fita.

Paul Graham, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Y Combinator, ya bambance jadawali iri biyu a 2009. Akwai na manaja, wanda yininsa ke yanke sa'a-sa'a, ganawa bayan ganawa, katsewa ba ta cutar da shi. Akwai kuma na mai ƙirar abu, wanda ke buƙatar rabin yini a dunƙule, ganawa guda a tsakiya ta isa ta wargaza masa shi. A ganinmu nan ne ƙashin bayan matsalar yake, domin mai sabon kasuwanci yana ɗauke da jadawalin biyu a jiki ɗaya. Ɗauki tela, alal misali. Amsa masu tambayar ko ɗinkinsu ya fito aikin manaja ne. Yankan shadda kuwa aikin mai ƙira ne, kuma almakashi ba ya komawa baya. In awo ya kuɓuce masa saboda ya waiwayi waya, ya ci bashin yadi. Haka nan fitar da farashi, da daidaita littafin bashi, da ƙidayar kaya, da tunanin abin da za a saro kafin salla. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ƙara ko walƙiya, saboda haka kullum su ake turawa gobe, alhali kuwa su ne ke nuna ko ana riba ko uwar kuɗi ake ci.

Mafi muni shi ne shagalar da ke sanye da rigar aiki. Mai kallon wasan barkwanci ya san wasa yake yi. Amma wanda ya wuni yana leƙa adadin waɗanda suka ga tallarsa, yana bin shafukan abokan hamayya, yana amsa gaisuwa a rukunin 'yan kasuwa ashirin, zai kwanta a gajiye yana zaton ya yi aiki.

4.0 Batun Magani

Shawarar da aka fi ji ita ce a kashe waya a huta. Wannan ba ta karɓu ba ga wanda wayar ce shagonsa. Ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kimanin sa'a 6, masu sayarwa ta nan sun ɗanɗana abin da rufe shago ke nufi. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 kuma ya tilasta wa har masu tireda karɓar kuɗi ta waya. Bincike ma bai goyi bayan yankewa gaba ɗaya ba. A 2019 Nicholas Fitz da abokan aikinsa sun raba mutane rukuni-rukuni: waɗanda aka tara musu sanarwar waya ana sako ta sau 3 a yini sun fi samun natsuwa, waɗanda aka kashe musu ita kwata-kwata kuwa fargaba ce ta ƙaru musu, ta tsoron kada wani abu ya wuce su. Kafin nan, a 2015, Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn sun ga cewa taƙaita duba wasiƙun imel zuwa sau 3 a yini na rage damuwa.

Abin da wannan ke nunawa tsohon abu ne a wurinmu. Gidan attajirin Bahaushe ba ya korar baƙo, amma yana da zaure. A nan baƙo ke tsayawa a yi masa iso, ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye. Waya ta rushe zauren, aikin da ke gaban ɗan kasuwa shi ne ya sake gina shi. Wato ya ware lokutan amsa saƙo, a ce da hantsi da bayan azahar da bayan la'asar, ya kuma sanar da abokan cinikinsa, domin mai saye yakan jure jira in ya san iyakarsa. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana da amsa mai fita da kanta da za ta ɗauke masa wannan sanarwa. A shekarar ne kuma Apple da Google suka sa ma'aunin lokaci a wayoyinsu. Ma'aunin yana da amfani wajen nuna wa mutum gaskiyar inda yininsa ke tafiya, sai dai shingen da yake kafawa da taɓawa ɗaya ake tsallake shi, don haka ba mu ɗora masa nauyi da yawa ba. Ajiye wayar a wani ɗaki lokacin yanka ko lissafi ya fi shi tasiri, domin ba ya dogara da ƙarfin hali.

Akwai wuri guda da natsuwa ta zama tilas nan take, wato lokacin karɓar kuɗi. Masu damfara da saƙon banki na jabu cunkoso suke jira, sa'ad da mai shago ke magana da mutum biyu yana kuma amsa waya. Tabbatar da shigar kuɗi a cikin asusun kansa, ba a saƙon da aka nuna masa ba, aiki ne na minti ɗaya da bai kamata a haɗa shi da komai ba.

In kasuwanci ya ɗan tasa, sai a raba layin ciniki da na gida, a danƙa na cinikin ga yaron shago ya zama shi ne mai iso, mai gida kuma a kai masa abin da sai shi. A nan akwai hattara guda. Lambobin abokan ciniki dukiya ce, kuma tun daga Disamba 2020 hukuma ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai shi. In an yi wa layin rajista da sunan yaro, ranar da ya tashi kafa nasa shagon da layin zai tafi, da masu sayen da ke cikinsa. Saboda haka da sunan mai kasuwancin ya kamata a yi rajistar tun farko, yaro riƙo kawai za a ba shi.