Yadda Ƙwayar Agana Da Ƙyandar Biri Ke Shiga Jikin Mutum

Jama'a, ku dubi dantsen dattawan garinku. Da yawansu za ku ga tabon lamba. Wannan tabo shaidar rigakafin agana ne. A da, agana kan kashe kamar mutum 3 cikin 10 da ta kama. Wasu ta bar su da zanzana, wasu da makanta. An ga ta ƙarshe a Nijeriya a 1970. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da ita daga duniya.

To, amma agana ta bar dangi. Ɗaya daga ciki ita ce ƙyandar biri. Kada sunan ya ruɗe ku. Ba dangin ƙyanda ba ce, ba kuma dangin ƙarambau ba. 'Yar'uwar agana ce. An fara ganinta a jikin mutum a ƙasar Kwango a 1970. A 2017 ta sake ɓulla a Nijeriya, a Jihar Bayelsa, ta kuma bazu zuwa wasu jihohi.

Mece ce ƙwayar?

Ido ba ya ganinta. Sai an jera kamar guda 3,000 kafin su cika tsakanin ƙananan layuka biyu na jikin rula. Siffarta kamar bulo. A cikinta akwai wani zare mai ɗauke da umarnin yadda za a ƙera irinta. A waje tana da riga ta kitse. Jikin rigar akwai wasu ƙananan abubuwa da ake kira furotin. Su ne kayan aikinta.

Jikin mutum kuwa, da ƙananan ɗakuna aka gina shi, waɗanda ba su ƙidayuwa. Masana na kiransu ƙwayoyin halitta. Kowane ɗaki yana da bango na kitse. Ƙwayar cutar ba ta iya haihuwa a waje. Dole sai ta shiga ɗakin.

Yadda take shiga

Da farko wasu furotin ɗinta sukan maƙale a bangon ɗakin, kamar yadda ƙarangiya ke maƙale wa wando. Daga nan sai wasu guda 11 su haɗu su yi aikin mabuɗi. Su ne ke haɗa rigar ƙwayar da bangon ɗakin, su zama ɗaya, kamar ɗigon mai biyu a kan ruwa. Sai cikin ƙwayar ya faɗa ɗakin. Masana sun gano cewa in aka rasa ɗaya daga cikin yawancin waɗannan 11, shigar kan gagara.

Yadda take ƙera 'ya'yanta

Da ta shiga, sai ta kafa maƙerarta a gefe. Ta ƙwace abinci da kayan aikin ɗakin. Maimakon ɗakin ya yi wa jiki aiki, sai ya koma yi wa baƙuwa bauta.

Ginin yana bin tsari. Da farko wata 'yar fata kan fito mai siffar jinjirin wata. Wani furotin ya kan saƙa mata raga ta waje, mai kama da saƙar zuma. Ragar ce ke lanƙwasa ta har ta rufe, ta zama dunƙule. Kafin ta rufe, sai zaren umarnin ya shige ciki. Sannan a cire ragar, kamar yadda ake cire tokara in gini ya bushe. Sai ƙwayar ta ɗauki siffar bulo. Ta nuna ke nan.

Ɗaki ɗaya kan ƙera ƙwayoyi masu yawa. Wasu sukan zauna har ɗakin ya fashe. Wasu kuma sukan ƙara riga, su fita, su faɗa ɗakin maƙwabta. Haka cuta ke bin jiki. Ƙurajen da ake gani cike suke da waɗannan ƙwayoyi.

Amfanin sanin wannan

Na ɗaya, rigakafi. Allurar takan nuna wa jiki kamannin waɗannan furotin tun kafin cuta ta zo. Sai jiki ya tanadi masu gadi. Ranar da ƙwayar ta zo, sai su riƙe mabuɗinta, ta kasa shiga. Da yake furotin ɗin agana da na ƙyandar biri sun yi kama ƙwarai, rigakafin agana yana ba da kariya daga ƙyandar biri. Amma waɗanda aka haifa bayan an daina yin lambar agana ba su da wannan kariya.

Na biyu, tsabta. Tunda rigar ƙwayar ta kitse ce, sabulu yana lalata ta. In ba riga, ba mabuɗi.

Abin da za mu yi

Alamun ƙyandar biri su ne zazzaɓi, ciwon kai, kaluluwa, da ƙuraje masu ɗurar ruwa. Sukan iya ɗaukar har kwana 21 kafin su bayyana. In an ga haka, a kai majinyaci asibiti da wuri.

A ware masa ɗaki, da tabarma, da kwano. Kada a taɓa ƙurajen da hannu. A wanke tufafinsa daban da ruwan zafi da sabulu. Miji da mata su dakata da kwanciya tare. Yana iya sa wa wani har sai ɓawon ƙurajen ya zube, sabuwar fata ta fito. A nisanta yara da mata masu ciki daga gare shi, don ta fi yi musu tsanani.

Mafarauta kuma su yi hattara da kurege, da gafiya, da biri. Kada a feɗe mushe ko dabba marar lafiya. A dafa nama ya dahu sosai.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.