LALLE: SIFFOFINSA DA MUHALLINSA

Gabatarwa

Da wuya a sami Bahaushen da bai san lalle ba, domin kuwa da shi ake ƙunshi, da shi kuma ake sa amarya a lalle. Amma sanin da yawancinmu muka yi masa bai wuce na garin da ake saye a kasuwa ba. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bayyana shi kansa itacen, watau siffofinsa da irin wurin da yake rayuwa, a kuma nuna dangantakar muhallinsa da launin da muke nema a ganyensa.

Suna

Masana harshe suna danganta kalmar lalle da kalmar Azbinanci "anella", kuma daga Hausa ne Yarbawa suka ari tasu, watau "laali". Larabawa suna kiran sa "hinna'i", furensa kuwa "fagiya". A ilmin tsirrai sunansa Lawsonia inermis. Masanin tsirran nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1753, don tunawa da abokinsa Isaac Lawson, wani likita ɗan Skotland. Ma'anar "inermis" ita ce marar makami, watau marar ƙaya. Linnaeus ya ɗauka iri biyu ne, mai ƙaya da marar ƙaya. Daga baya aka gane itace guda ne: yana ƙarami ba shi da ƙaya, in ya tsufa sai bakin ƙananan rassansa ya tsinine ya zama ƙaya. A yanzu masana sun sa shi cikin dangi ɗaya da rumman.

Siffofi

Lalle ƙaramin itace ne mai yawan rassa tun daga gindi, tsawonsa yakan kai mita 2 zuwa 6. Ɗanyen reshensa yana da kusurwa huɗu, in ya ƙosa sai ya mulmule. Ganyayensa ƙanana ne masu santsi, tsawonsu bai cika wuce santimita 5 ba, kuma biyu-biyu suke fitowa, kowane yana fuskantar ɗan'uwansa.

Furanninsa suna fitowa a dunƙule a ƙarshen reshe, galibi farare ko masu ɗan ruwan ɗorawa, akwai kuma mai ja-ja. Kowane fure yana da kunnuwa 4 da 'yan siraran tsinkaye 8 masu ɗauke da garin da ƙudan zuma ke kwasa. Duk da ƙanƙantarsu, ƙamshinsu yakan cika gida. Saboda haka ne mutanen Indiya ke tatsar turare daga gare su, musamman a garin Kannauj. Bayan fure sai 'ya'ya, ƙanana kamar ƙwayar masoro, kowane ɗa da 'yan ƙwayoyin iri masu yawa a cikinsa.

Muhalli

Lalle itacen ƙasashen zafi ne masu ƙarancin ruwan sama, tun daga Afirka ta Arewa da yankin Sahel, ta ƙasar Larabawa da Farisa, har zuwa Indiya. Ya fi jin daɗi inda zafi ya kai digiri 35 zuwa 45 a ma'aunin santigireti, amma sanyin da ya gaza digiri 5 yakan kashe shi. Yana son rana sosai da ƙasa mai yashi wadda ruwa ba ya kwanta a cikinta.

Ana lissafa lalle cikin itatuwan da ba sa rabuwa da ɗanyen ganye, sai dai wannan magana tana da sharaɗi. Wanda ke bakin rafi ko cikin lambu ko kusa da rijiya a tsakar gida yakan shekara da ganyensa. Wanda ke jigawa kuwa, in rani ya yi tsawo sai ya kakkaɓe ganye don ya rage asarar ruwa, da zarar damina ta faɗi ya sake toho. Ana shuka shi ta hanyar iri, amma sai an jiƙa irin na 'yan kwanaki saboda taurin ɓawonsa. Dasa reshe ya fi sauƙi, shi ya sa ake yin shinge da shi. A Indiya, garin Sojat na jihar Rajasthan shi ya fi shahara da nomansa.

Launi

Abin da ke rina fata wani sinadari ne da ke cikin ganyen, wanda aka laƙaba wa suna losan, daga sunan Lawson ɗin nan. In an daka ganye an kwaɓa, sinadarin yakan fito ya kama keratin, watau abin da farce da gashi da saman fata suka ginu da shi. Wannan ne dalilin da ya sa lalle ya fi kamawa a tafin hannu da tafin ƙafa, inda fata ta fi kauri, kuma ba ya wankuwa sai fatar ta sabunta. Lallen da ya tashi a wuri mai zafi da bushewa ya fi wanda ya tashi a inuwa da danshi yawan wannan sinadari.

Ya kamata a lura cewa ganyen lalle ba ya ba da baƙi wuluk. Iyakarsa ja zuwa ruwan ƙasa mai duhu. Abin da ake kira baƙin lalle sau da yawa haɗi ne da rinin gashi mai ɗauke da sinadarin PPD, wanda kan jawo ƙaiƙayi da kumburi, har ya bar tabo.

Kammalawa

Kamar yadda bayani ya gabata, zafi da ƙarancin ruwan da muke kuka da su a ƙasar Hausa su ne ainihin abin da lalle ke buƙata don ya yi kyau. Bai kamata a ce mai irin wannan ƙasa ya dogara ga garin da bai san abin da aka gauraya a ciki ba. Reshe guda da aka dasa a bakin rijiya ya isa ya ba gida ƙamshi, ya kuma ba mata ganyen da suka amince da shi.