Tsofaffin ƴan kokowa: riba ce ko nauyi ga jahohinsu?

Duk ƙarshen shekara, idan gasar takobin ƙasa ta ƙarato, muhawara ɗaya ce ke dawowa a fadojin shayi na Yamai: shin a sake tafiya da tsofaffin hannu, ko a ba matasa fili? Tambayar tana da nauyi, domin gurbin kaɗan ne. Jahohi 8 ke shiga gasar, kowace da ƴan kokowa 10, wato 80 ke nan gaba ɗaya. Duk tsohon da ya riƙe gurbi, akwai saurayin da zai kalli gasar a talabijin.

A Nijar, tun karon farko da aka yi a Tawa a 1975, inda Yacouba Ango Kantou na Maraɗi ya ɗauki takobi, gwamnati da hukumar kokowa ta ƙasa ne ke shirya gasar, jahohi kuma su ke zaɓar tawaga da ɗaukar ɗawainiyarta. Saboda haka ribar da ake magana ba ta tsaya ga kuɗin ƙofa ba. Ta haɗa da martabar jaha, da yawan kaye, da kyaututtukan da ke biyo baya.

Amfani na farko shi ne suna. Jama'a ba sa cika fili tun da rana tsaka don ganin wanda ba su sani ba. Sanannen ɗan kokowa yana zuwa da makaɗansa da kirarinsa da magoya bayansa, kamfanonin da ke tallafa wa gasar kuma inda idon jama'a yake nan suke son allunan tallarsu su tsaya. Attajirai da ƴan siyasa ma sun fi buɗe aljihu idan sunan da suka sani ya shigo fili.

Na biyu shi ne tsarin gasar kansa. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da karawa don jaharsa. A irin wannan tsari, haƙuri da sanin abokin karawa sukan fi ƙarfin ƙirji. Kadri Abdou, wato Issaka Issaka na Doso, ya nuna haka: ya ɗauki takobi sau 3 a jere, a Yamai da Difa da Agadas, ya cika 6 a Disambar 2023, abin da babu wanda ya taɓa yi. A Senegal ma, inda masu zuba jari ke haɗa karawa, Bombardier ya sake zama sarkin fili a 2014 bayan ya kayar da Balla Gaye 2, wanda ya girme wa da shekaru kusan 10.

Sai dai jiki ba ya ƙarya. Gasar tana ɗaukar kwanaki kusan 10, ana karawa safe da yamma, kuma gwiwa da ƙugun da suka sha gwagwarmaya shekaru da yawa ba sa warkewa cikin dare ɗaya. Ko Issaka Issaka, a Disambar 2024 da aka yi gasar a gidansu Doso, takobin Abba Ibrahim na Yamai ne ya tafi da shi. Jahar da ta jingina da suna ɗaya, ranar da sunan ya faɗi, sai ta waiga ta ga ba ta reni magaji ba.

Abin da ke hana da yawa ajiye kokowa kuwa a fili yake: ba aikin albashi ba ce, balle fansho. Mafi yawansu manoma ne ko masu ƙananan sana'o'i, kuma kyautar fili ita ce babbar kakarsu ta shekara. Ƙasa ta karrama manyan jiya da sanya sunayensu a filaye: Kantou a Maraɗi, Salma Dan Rani a Doso, Langa-Langa a Damagaram. Amma suna a jikin bango ba ya sayen magani.

Amsar ke nan ta rabu biyu. Tsohon da har yanzu yake tsallake gasar share fage ta jaharsa da ƙarfinsa, ya cancanci gurbinsa, shekarunsa ba laifi ba ne. Wanda kuwa ake sakawa don kunya ko don tsohon suna, jahar ce ke biyan kuɗin da yawan faɗuwa. Irin wannan ya fi amfani a gefen fili, a matsayin mai horarwa, ko alƙalin wasa, ko mai zagaya ƙauyuka bayan girbi yana tsinto yara masu tasowa. Muddin ba a mai da waɗannan ayyuka abin da mutum zai ci abinci da shi ba, tsofaffi za su ci gaba da ɗaura layu suna shiga fili, matasa kuma suna jira a bakin ƙofa.