Hatsarin kwale-kwalen kamun kifi na Clearwater (2009)

Hatsarin Clearwater hatsari ne da ya faru a ranar 28 ga Fabrairu, 2009, a Tekun Meksiko, yamma da garin Clearwater na jihar Florida a ƙasar Amurka. Wani ƙaramin kwale-kwale mai inji ya kife da abokai huɗu da suka fita kamun kifi domin nishaɗi. Uku sun rasa rayukansu, ɗaya ya tsira.

Mutanen da ke ciki

Marquis Cooper, mai kwale-kwalen, da Corey Smith 'yan wasa ne a gasar NFL ta ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Will Bleakley da Nick Schuyler kuwa sun taɓa buga wa Jami'ar Kudancin Florida wasa. Tsawon kwale-kwalen ƙafa 21 ne, wato kusan mita 6 da rabi.

Yadda ya faru

Sun bar gaɓa da sassafe, suka yi nisa cikin teku, suka jefa anka, wato ƙarfen da ake sakawa cikin ruwa don tsayar da jirgi. Da yamma iska mai sanyi ta fara tasowa, suka yi shirin komawa, sai ankar ta maƙale a ƙasan teku. Maimakon su yanke igiyar, sai suka kwance ta daga gaban kwale-kwalen suka ɗaure ta a baya, suka ba injin wuta domin su fizge ta.

Bayan ƙaramin jirgi ya fi gabansa kusa da ruwa, kuma a nan nauyin injin yake. Da igiyar ta miƙe, sai ta ja bayan ƙasa, ruwa ya kwararo ciki, kwale-kwalen ya juye. Binciken hukumar kula da kifi da namun daji ta Florida ya ɗora alhakin hatsarin a kan wannan ɗauri da aka yi ba bisa ƙa'ida ba.

Cikin ruwa

Bleakley ya yi nutso ƙarƙashin kwale-kwalen ya ɗauko rigunan ceto. Mutanen suka manne a jikinsa, igiyar ruwa tana ta jefar da su suna sake hawa. Babban abin da ya ci ƙarfinsu shi ne sanyi, domin ruwa yana zuƙe ɗumin jiki da sauri fiye da iska ƙwarai. Idan zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, yakan fara karkarwa, daga baya hankalinsa ya rikice, ƙarfinsa ya ƙare. Cooper da Smith ne suka fara rabuwa da kwale-kwalen, sannan Bleakley.

Ceto

Rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta shiga nema da jiragen ruwa da na sama, amma iska da manyan igiyoyin ruwa sun wahalar da aikin. A ranar 2 ga Maris aka ga Schuyler zaune a kan kifaffen kwale-kwalen, bayan ya shafe fiye da awa 40 a teku. An dakatar da nema a ranar 3 ga Maris, kuma ba a taɓa samun gawarwakin sauran ukun ba.

Bayan hatsarin

A 2010 Schuyler da ɗan jarida Jeré Longman suka wallafa littafin Not Without Hope game da lamarin. Masu koyar da tuƙin ƙananan jirage suna kafa misali da hatsarin wajen gargaɗin cewa ba a ɗaure anka a bayan jirgi, kuma idan ta maƙale alhali hadari na tafe, yanke igiyar ya fi.