Joe West, Alƙalin da Ya Ƙi Ɓuya

Wanda ya saba ganin alƙalin ƙwallon ƙafa yana gudu da usur a baki zai yi mamakin alƙalin wasan besbol na Amurka. Shi durƙusawa yake yi a bayan mai cafke ƙwallo, fuska cikin ragar ƙarfe, ana jefo ƙwallo mai tauri da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa. Kafin ƙiftawar ido sai ya yanke hukunci: jifan ya bi ta inda doka ta ce, ko ya kauce? Duk yadda ya yanke, akwai masu jiran su zage shi.

Joe West, haifaffen jihar North Carolina a 1952, ya shiga babbar gasar ƙasar a 1976, bai ajiye aiki ba sai bayan kakar 2021. Ya yi alƙalancin wasa 5,460. A ranar 25 ga Mayu, 2021, a Chicago, ya zarce alƙali Bill Klem, wanda babu mai kamo wasanninsa 5,375 tun 1941.

Ni abin da ya fi ba ni tausayi a wannan sana'a shi ne rashin gida. Ƙungiya tana buga rabin wasanninta 162 a gaban masoyanta. Alƙali kuwa baƙo ne a kowane fili, daga otel zuwa otel, su huɗu suna karɓa-karɓar wurin tsayawa, wata shida cur. A 1999 ma aikin ya suɓuce wa West, lokacin da alƙalai suka miƙa takardun murabus don matsa wa hukumar gasar lamba, ita kuwa ta karɓi na mutum 22. Sai 2002 ya dawo.

Ana cewa alƙali nagari shi ne wanda ake tashi wasa ba a san da shi ba. West bai taɓa yarda da haka ba. Ya fitar da faifan waƙoƙi, ya ƙera sulken kare ƙirji da alƙalai ke sawa, a 2010 ya fito fili ya caccaki ƙungiyoyin Yankees da Red Sox kan jan ƙafa a wasa. A 2014 an dakatar da shi wasa guda saboda ya cakumi rigar ɗan wasa Jonathan Papelbon.

Yana da son a gan shi, wannan ba gardama. Amma hukumar da ta dakatar da shi ita ce ta damƙa masa alƙalancin gasar ƙarshe ta World Series har sau shida, kuma ba a ba rago wannan aiki.